Ɗan hakin da aka raina: sauyin kociyoyi da rukunin bugu a ƙwallon jami'o'in Amurka

A daren 25 ga Satumban 2021, a garin East Lansing, ƙungiyar jami'ar Nebraska tana gaba da maki 20 da 13, saura ƙasa da minti huɗu a tashi. Tun da aka dawo daga hutun rabin lokaci 'yan tsaronta suka ɗaure Michigan State tamau, ko motsin kirki ba ta yi ba. Abin da ya rage shi ne a buga ƙwallo can nesa, a sallama wa abokan hamayya, a bar 'yan tsaro su ƙarasa aiki. An shirya ƙwallon za ta bi gefe guda na fili, don haka 'yan wasan Nebraska suka kwasa a guje suka nufi can. Mai bugun sai ya aika ta ɗaya gefen. Jayden Reed na Michigan State ya cafe, ya ɗaga kai bai ga kowa a gabansa ba, ya sheƙa yadi 62 har cikin gidan Nebraska. Wasa ya koma kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, Michigan State ta ci 23 da 20.

Wanda ya kalli wasan zai ce laifin yaro ɗaya ne da ƙafarsa ta saɓa. Ni dai ban yarda ba. Wannan bugun yana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga ofishin babban koci, daga yadda ya raba aiki tsakanin mataimakansa.

Kafin mu je can, bari mu shimfiɗa tabarmar ga wanda bai saba da wasan ba. A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka kowace ƙungiya tana da rukuni uku. Akwai 'yan kai hari, waɗanda ake ba dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sabunta musu damar. Akwai 'yan tsaro masu hana su. Sai rukuni na uku da ake kira na musamman, wanda ke shigowa duk lokacin da za a sa wa ƙwallo ƙafa. Ni zan riƙa ce masa rukunin bugu. Aikinsa ya haɗa da bugun buɗe wasa, da bugun sallama da ake yi in dama ta huɗu ta zo ba a ci yadin ba, da bugun maki uku tsakanin turaku biyu, da ɗan bugun maki ɗaya da ake yi bayan an shiga gidan abokan hamayya an ci shida, wanda ya yi kama da gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye. Kowanne kuma fuska biyu gare shi: in kai ke bugawa sai ka tsare mai bugunka ka kuma bi ƙwallon, in kai ake bugo wa sai ka yi ƙoƙarin tare bugun ko ka cafe ka dawo da ita. Mai bin gasar Firimiyar Ingila ya tuna yadda Arsenal ta ɗauko Nicolas Jover a 2021 don bugun kusurwa da bugun tazara kawai, da irin ƙwallayen da hakan ya jawo mata. To a nan lamarin ya fi haka girma, domin mutum goma sha ɗaya ne ke fita wasu goma sha ɗaya su shigo.

Kociyoyi kan ce wannan rukuni kashi ɗaya cikin uku ne na wasa. A baki ke nan. In aka zo rabon kujeru da lokacin atisaye, da wuya ya samu ko kusa da haka.

Dalilin yana cikin doka. Shekara da shekaru hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ƙayyade cewa babban koci a babban rukunin gasar ba zai wuce mataimaka tara masu koyarwa a fili ba. Ka ƙirga: mai tsara hari, mai tsara tsaro, mai horar da masu jifa, masu gudu da ƙwallo, masu cafewa, ƙattin gaba na hari, ƙattin gaba na tsaro, 'yan tsakiya, 'yan baya. Kujeru sun ƙare. Sai a ɗauki rukunin bugu a liƙa wa wani a matsayin aiki na biyu, ko a yayyanka shi a raba wa mutum huɗu, wannan ya riƙe bugun sallama, wancan ya riƙe bugun buɗe wasa. A watan Janairun 2018 aka ƙara kujera ta goma. Jami'o'i da dama suka ba wa rukunin bugu ita. Wasu kuma suka ga gara su ƙara mai farautar sababbin 'yan wasa, su bar bugun a hannun wani manazarci, wato ma'aikacin da doka ta yarda ya kalli bidiyo ya rubuta shawara amma ta hana shi koyar da yara a fili.

Nan ne Nebraska ta shiga rami. Scott Frost ɗan gida ne, shi ya ja ragamar ƙungiyar a matsayin mai jifa lokacin da ta ɗauki kofin ƙasa a 1997, ya kuma dawo mata koci bayan ya jagoranci jami'ar UCF ta ci duk wasanninta 13 a kakar 2017. Gwani ne a tsara hari, kuma can hankalinsa yake. A shekarunsa biyu na farko ya haɗa wa Jovan Dewitt rukunin bugu da horar da wani sashe na 'yan tsaro. Da Dewitt ya tafi North Carolina, sai aka ɗauko Jonathan Rutledge a 2020 a matsayin manazarci. Ga mutumin da aka ɗora wa aiki, ga doka ta hana shi taɓa aikin da hannunsa. Abin da ya biyo baya ba abin mamaki ba ne: NCAA ta gano ya riƙa koyarwa a fili, kuma a watan Mayun 2022 ta hukunta Frost, har da dakatarwar kwana biyar. A 2021 aka miƙa aikin ga Mike Dawson, shi ma a kan aikinsa na horar da 'yan tsaro. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kakar 2021 ta Nebraska abin nazari ce ga duk mai son ya fahimci wannan batu. Ta ci wasa 3, ta sha kashi a 9. Takwas daga cikin taran nan da tazarar maki takwas ko ƙasa da haka aka doke ta, na taran kuma Ohio State ce da tazarar maki tara. A wasanninta tara na Big Ten, wato gasar rukunin jami'o'in da take ciki, ta ci ɗaya kacal, amma in ka tara makin da ta ci da wanda aka ci ta, daidai suke, 239 da 239. Ƙungiyar da ba ta iya wasa ba ba ta fitar da irin wannan lissafi. To ina wasannin suka zube? A wasan farko da Illinois, mai cafe ƙwallo ya tarbi bugun sallama a bakin gidansu, wurin da ake koya wa kowane yaro ya ƙyale ta ta wuce, ya jawo musu asarar maki biyu, aka kuma ɓarar da bugun gyara har sau biyu. An tashi 30 da 22. A Oklahoma an ɓarar da bugun maki uku sau biyu, sannan aka tare bugun gyara, ɗan wasan Oklahoma Pat Fields ya ɗauki ƙwallon ya ratsa filin gaba ɗaya ya ci musu maki biyu. An tashi 23 da 16. Na Michigan State kun ji shi. A wasan ƙarshe Nebraska ta kai 21 da 6 a kan Iowa, aka tare mata bugun sallama aka shiga gida da shi, daga nan komai ya warware, aka tashi 28 da 21. Wasa huɗu ke nan. Da biyu ko uku daga cikinsu sun juya, da labarin Frost ya zama daban.

A Janairun 2022 ya yi abin da magoya baya suka daɗe suna roƙo, ya naɗa Bill Busch cikakken mai kula da rukunin bugu. Aka ɗauko sabon mai bugun sallama, Brian Buschini, daga Montana, da sabon mai bugun maki, Timmy Bleekrode, daga Furman. Wasan farko na sabuwar kaka a birnin Dublin na ƙasar Ailan aka yi shi, ranar 27 ga Agusta, da Northwestern. Nebraska tana gaba 28 da 17, wasa yana hannunta, sai aka yi gajeren bugun nan na bazata da ake yi don a ƙwace ƙwallo maimakon a aika ta nesa. Bai yi ba. Northwestern ta samu ƙwallo a tsakiyar fili, ta farfaɗo, ta ci 31 da 28. Frost ya amsa cewa shi ya ba da umarnin. Ranar 11 ga Satumba aka sallame shi bayan Georgia Southern ta doke su a gida. Mako guda bayan haka kocin riƙon ƙwarya Mickey Joseph ya kori mai tsara tsaro, ya ɗauke Busch ya maye gurbin da shi. Wato cikakken mai kula da bugun da aka jira shekara huɗu, wasa huɗu kacal ya yi a kujerar.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a yadda ake tafiyar da lamarin. Duk lokacin da gobara ta tashi a wani ɗaki, daga ɗakin rukunin bugu ake kwaso ruwan kashe ta. Daga 2018 zuwa 2025 mutum bakwai suka riƙe wannan aiki a Nebraska, in ka haɗa da Ed Foley da sabon koci Matt Rhule ya zo da shi, da Mike Ekeler da aka ɗauko daga Tennessee a 2025 bayan an tare musu bugu biyu a wasan ƙarshe na kakar 2024 da Boston College.

Me ya sa sauyin mutum ɗaya yake taɓa wannan rukuni fiye da yadda ake zato?

Abu na farko, bugu aikin daƙiƙa ne. A bugun sallama, wani ɗan wasa yana sunkuyawa ya cillo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga mai bugu da ke tsaye kimanin yadi 14 ko 15 a baya, kuma ana so daga cillowa zuwa bugawa kada a wuce wajen daƙiƙa biyu. A bugun maki uku, mai cillowa da mai dasa ƙwallo a ƙasa da mai bugu dole su gama cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi. Mutum ɗaya cikin masu tsaron gaba ya taka ƙafar hagu maimakon ta dama, an samu kafa, hannu ya shigo. Kuma kowane koci da irin tsarinsa. Dokar jami'o'i ta bar kowa ya ruga gaba da zarar an cillo ƙwallo, saɓanin gasar ƙwararru ta NFL inda mutum biyu na gefe ne kawai ke da wannan dama. Saboda haka da yawa a jami'a suna baza 'yan gaba su bar ƙattai uku a gaban mai bugu kamar garkuwa. Wasu sun fi son tsarin ƙwararru na matse layi. Wasu kuma mai bugunsu gudu yake yi gefe kafin ya buga, irin na 'yan zari-ruga. In sabon koci ya zo da tsarin da ba a saba ba, yaron da ya shekara biyu yana ƙirga abokan hamayya daga ciki zuwa waje yanzu an ce ya ƙirga daga waje zuwa ciki, kalmomin da ake kiran tsari da su ma sun canja. Rana ɗaya zai manta, kuma ranar ce za a gani a talabijin.

Na biyu, lokaci. Doka ta ƙayyade awa 20 a mako na harkar wasa a lokacin kaka, da atisaye 15 a bazara. Sabuwar tawagar kociyoyi tana zuwa da littafin hari sabo da na tsaro sabo, kowa yana kokawar minti. Mai kula da bugu ba shi da 'yan wasan kansa in ban da mutum huɗu ko biyar; sauran duk aro yake yi daga ɗakunan abokan aikinsa. In babban koci bai tsaya masa ba, mai horar da masu cafewa zai ce kada a gajiyar masa da tauraronsa, mai horar da 'yan tsakiya zai ce yaronsa na iya jin rauni. A ƙarshe sai a ba shi waɗanda suka rage.

Na uku kuma, waɗanda suka ragen su ne suka fi saurin tafiya. Tun da aka buɗe rumbun sauya sheƙa a 2018, inda ɗan wasa ke sa sunansa in yana son komawa wata jami'a, aka kuma soke dokar zaman shekara guda ba wasa a 2021, duk jami'ar da ta canja babban koci sai ta ga 'yan wasa suna kwashe kaya. Taurari akan lallashe su su zauna. Ɗan benci mai shekara uku a makaranta, wanda ba ya cikin sha ɗayan farko amma shi ne ke fara isa ga mai cafe ƙwallo a kowane bugu, ba wanda ke kiransa a waya. Shi ne ƙashin bayan rukunin bugu, kuma sai ya tafi ake sanin amfaninsa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: yawancin masu kula da wannan rukuni ba su taɓa zama masu bugu ba, ba su kuma koyar da yadda ake sa ƙafa a ƙwallo. Masu bugu suna da malamansu na waje. Abin da kocin ke kawowa shi ne sanayya, wato wa ya sani, wa zai iya kira. Misali mafi girma shi ne makarantar Prokick da Nathan Chapman ya kafa a Melbourne ta ƙasar Ostireliya a 2007, mai juya 'yan ƙwallon gargajiyar ƙasar su zama masu bugun sallama. Kyautar Ray Guy ta gwarzon mai bugun sallama a jami'o'i ta tafi hannun 'yan Ostireliya shekara biyar a jere daga 2013 zuwa 2017, uku daga ciki a jami'ar Utah kaɗai. In kocin da ke da wannan hanya ya bar makaranta, sau da yawa hanyar tana binsa.

Yanzu mu dubi maƙwabciyar Nebraska. Kirk Ferentz yana riƙe da Iowa tun 1999. LeVar Woods tsohon ɗan wasansa ne, kuma da kujera ta goma ta samu a 2018 sai aka ware masa rukunin bugu shi kaɗai, ya shafe shekaru yana kai. A kakar 2023 'yan harin Iowa su ne na ƙarshe a duk babban rukunin gasar wajen cin yadi, har jami'ar ta sanar tun kaka ba ta ƙare ba cewa mai tsara harin, Brian Ferentz, ɗan babban kocin, ba zai dawo ba. Amma ƙungiyar ta ci wasa 10. Ta ci Wisconsin 15 da 6, Northwestern 10 da 7, Illinois 15 da 13, Nebraska 13 da 10. Mai bugun sallamarta Tory Taylor, shi ma ɗan Ostireliya, ya buga yadi 4,479 a kakar, ya karya tarihin da ke tsaye tun 1938. Abin da yake yi shi ne ya tura abokan hamayya can bakin gidansu, 'yan tsaro su hana su fitowa, su buga daga wuri mai matsi, Iowa ta karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ta ɗan matsa kaɗan ta buga maki uku. Ka yi lissafi da kanka: in ƙungiya tana samun ƙwallo sau goma sha biyu a wasa, kuma kowane karo tana farawa yadi biyar gaba da inda abokiyar karawarta ke farawa, yadi sittin ke nan da ba za ka gan su a jadawalin alƙaluma ba. Sau huɗu tsakanin 2018 da 2024 Iowa ta doke Nebraska da bugun maki uku a daƙiƙun ƙarshe. Ba na ɗaukar wannan a matsayin sa'a.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Wannan Iowa ɗin ta 2023 da ta gamu da Michigan a wasan ƙarshe na Big Ten 26 da nema aka yi mata, Tennessee kuma ta yi mata 35 da nema. Rukunin bugu yana raba gardama ne tsakanin ƙungiyoyin da ƙarfinsu ya yi kusa. Ba ya cike rami mai zurfi.

Kuma yanke wa koci hukunci da wasa ɗaya zalunci ne, domin irin waɗannan damammaki kaɗan ne a kaka, kuskure ɗaya sai ya rufe aikin wata uku. Babu wanda ya ɗaukaka rukunin bugu a tarihin wasan kamar Frank Beamer, wanda ya riƙe Virginia Tech daga 1987 zuwa 2015. Shi da kansa yake koyar da shi, yana sa manyan 'yan wasansa a ciki, har salon ya ɗauki sunansa. Amma a wasan cin kofin ƙasa na Janairun 2000, Florida State ta tare masa bugun sallama ta shiga gida da shi, Peter Warrick ya dawo da wani bugun har gida, aka doke shi 46 da 29. Nick Saban, kocin Alabama a lokacin, shi ma haka. Ranar 30 ga Nuwamban 2013, Alabama da Auburn suna 28 da 28, saura daƙiƙa ɗaya, ya sa a gwada bugun maki uku daga yadi 57. Ƙwallon ba ta kai ba, Chris Davis ya cafe ta a ƙarshen fili, ya ratsa ƙattin Alabama waɗanda aka sa don tsare mai bugu ba don gudu ba, ya ci wasan. Shekara biyu da 'yan makonni bayan haka, Saban ɗin nan ne ya sa aka yi gajeren bugun bazata a wasan ƙarshe da Clemson ana 24 da 24, Marlon Humphrey ya cafe, Kenyan Drake ya dawo da bugun buɗe wasa yadi 95, Alabama ta ɗauki kofi 45 da 40. Irin bugun da ya taimaka wajen kawo ƙarshen Frost a Dublin ke nan. Bambancin a ganina shi ne Alabama ta lura a bidiyo da yadda Clemson ke cunkushewa gefe guda, ta yi atisayen bugun, ta jira lokacinsa.

To in ba a auna koci da wasa ɗaya, da me za a auna shi? Ni abin da nake dubawa shi ne kurakuran da ba na ƙafa ba. Mai bugu zai iya ɓarar da ƙwallo, wannan tsakaninsa da ƙafarsa ne. Amma mutum goma a fili maimakon sha ɗaya, ko ɓata hutun neman shawara saboda wani bai san shi zai shiga ba, ko mai cafewa ya tarbi ƙwallo a bakin gidansa, ko a tare bugu ta kafa ɗaya mako biyu a jere, waɗannan na koyarwa ne. Jami'ar USC a ƙarƙashin Lincoln Riley, wanda a lokacin bai ware wa rukunin bugu cikakken koci ba, tana gaba da Tulane 45 da 30 saura minti huɗu da 'yan kai a Janairun 2023. Tulane ta shiga gida ta rage tazarar, sai mai tarbar bugun buɗe wasa na USC ya taɓa ƙwallon ta fita waje a yadi ɗaya daga gidansu, maimakon ya nemi a ajiye masa ita a yadi 25 kamar yadda dokar 2018 ta ba shi dama. Aka danne su cikin gida aka ci maki biyu, Tulane ta karɓi ƙwallo, ta sake shiga gida, ta ci wasan 46 da 45.

A watan Yunin 2024 NCAA ta cire ƙayyade adadin ma'aikatan da za su iya koyarwa a fili. Laifin da aka hukunta Frost a kansa yanzu ya halatta. Wannan ya sauƙaƙa abu ɗaya, ya kuma buɗe wata ƙofa: jami'a za ta iya ɗauko ƙwararre daga NFL ya koyar da bugu ba tare da ya ci kujerar kowa ba, amma kuma babban kocin da bai damu ba ya samu hujjar sake mayar da aikin ga mutumin da ba shi da murya a teburin shawara. Doka ta canja wanda zai riƙe usur, ba ta ƙara minti ko ɗaya a awa 20 ɗin nan ba.

Misalin da ya fi fito min da lamarin fili shi ne sauyi guda da ya taɓa jami'o'i biyu. A ƙarshen Nuwamban 2021 Brian Kelly ya bar kujerar babban kocin Notre Dame ya koma LSU, ya tafi da Brian Polian, mai kula masa da rukunin bugu na shekaru. A ido, LSU ta samu gogaggen mutum, Notre Dame ta yi rashi. Wasan Kelly na farko, 4 ga Satumban 2022 a New Orleans, da Florida State: Malik Nabers ya saki bugun sallama sau biyu, aka tare bugun maki uku, sannan LSU ta yi tafiyar yadi 99 ta shiga gida daidai lokacin da agogo ya ƙare, saura bugun gyara a tafi ƙarin lokaci, shi ma aka tare. An tashi 24 da 23. LSU ta farfaɗo ta ci wasa 10 a kakar, amma bayanta aka ɗauke Polian daga fili. Mutum ɗaya ne, ilimi ɗaya, sai dai yara sababbi ne da bai sani ba, a ƙungiyar da ta yi asarar 'yan benci da yawa lokacin sauyin.

A can Notre Dame kuwa, sabon babban koci Marcus Freeman ya ɗauko Brian Mason daga Cincinnati, inda suka taɓa aiki tare, ya kuma ba shi izinin ɗaukar manyan 'yan wasa. A kaka ɗaya suka tare bugun sallama bakwai, ɗaya daga ciki shi ya buɗe musu wasan da suka lallasa Clemson 35 da 14. Mason bai daɗe ba, Indianapolis Colts ta NFL ta ɗauke shi a 2023, Marty Biagi ya gaje shi. Mutum na uku ke nan cikin shekara uku, irin canjin da ya kamata ya rikita komai in da sunan mai kujerar ne kawai abin dubawa. Abin da bai canja ba shi ne Freeman da muhimmancin da yake ba wa aikin.

Ranar 2 ga Janairun 2025, a filin nan na New Orleans, Notre Dame ta kara da Georgia a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Jayden Harrison ya karɓi bugun buɗe rabi na biyu ya dawo da shi yadi 98. Can a zango na huɗu, Notre Dame tana gaba 23 da 10, dama ta huɗu ta same ta a yadi 18 daga gidanta, saura yadi ɗaya. Rukunin bugu ya shiga ya jeru kamar za a sallama ƙwallo. Kwatsam su goma sha ɗayan suka ruga waje, 'yan hari goma sha ɗaya suka rugo ciki. Georgia ta rikice tana canja nata mutanen a guje, 'yan gabanta suka tsallake layi kafin a cillo ƙwallo, alƙalin wasa ya jefa tuta, aka ba Notre Dame yadi biyar da sababbin damammaki huɗu. Ta riƙe ƙwallon ta cinye mintuna, Georgia ba ta sake cin maki ba har aka tashi.